Silimar da tikitinta malmalar tuwo ce

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan fitowar, don an maimaita ta har ta zama kamar farilla. Saurayi ya ɗauko budurwa a mota, sun shiga wani wuri mai kujeru masu sheƙi da fulawar roba a tsakiyar tebur. Sabis ya zo da ɗan littafinsa ya rusuna. Jim kaɗan sai ga lemon kwali da kofin gilashi biyu, ga soyayyar shinkafa da cinyar kaza a kwance a kai. Budurwa ta ɗan kurɓi lemo kamar mai shan magani, saurayi ya kalle ta ya faɗi abin da ya kawo shi, ta sunkuyar da kai. Shi kenan, sai ka gan su a cikin lambu sun canza kaya ana rawa da waƙa. Kazar nan kuwa ko yatsa ba a sa mata ba. Waɗanda suka san lokeshin sun san inda take ƙarewa: da zarar darakta ya ce an gama, mai riƙe fitila da mai jan waya ne suke yi mata rubdugu.

To, mai karatu, tsakani da Allah, cikin dubban masu kallon da ke Jega da Aliero da Maiyama, mutum nawa ne cin abincinsu a waje ya yi kama da wannan? Saurayin Jega idan ya ce zai je ya ci abinci, ba wurin fulawar roba yake nufi ba. Yana nufin rumfar Inna ko shagon Hajiya da ke unguwarsu, inda akwai dogon benci, da butar wanke hannu, da labulen da hayaƙi ya rina, da talabijin a maƙale can sama kusa da rufi. A wannan talabijin ɗin ne kuma yake kallon saurayin fim yana wasa da cinyar kaza, shi kuwa yana sa loma da miyar guro.

Garuruwan nan uku a kan layi ɗaya suke, kamar an zura su a tsinken tsire. Idan mota ta taso daga Sakkwato ta wuce Tambuwal, Aliero za ta fara tararwa, sannan Jega, inda hanya ta rabu: ɗaya ta nufi Kalgo da Birnin Kebbi, ɗaya ta miƙe kudu ta ratsa Maiyama da Koko har Yawuri da Kwantagora. Ita Jega tun asalinta garin baƙi ce. Wajejen 1820 Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa ta a gefen Gulbin Zamfara, kuma ba a daɗe ba kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a nan. Inda duk baƙo ya sauka kuwa, dole wata ta ɗora tukunya. Saboda haka sayar da abinci a Jega ba sana'ar jiya ba ce. Ta girmi kwalta, ta girmi Jihar Kebbi da aka ƙirƙira a 1991, balle fim ɗin Hausa na bidiyo da aka fara da Turmin Danya a Kano a 1990.

Ko wane saurayi yana da nasa gidan abincin, kuma a kan wannan ba a yi masa gardama, kamar dai yadda ba a raba shi da jarumin da yake so. Za ka ga gida biyu a jere, tuwo iri ɗaya, farashi iri ɗaya, amma wani ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai shiga na biyun ba. Ka tambaye shi dalili, sai ya ce miyar can ruwa ce. Ƙarya yake, miyar lafiyarta lau. Gaskiyar magana ita ce a gidan farko an san shi. Yana ɗaga labule, kafin ya zauna an san malmala biyu yake ci, an san ba ya son man ja da yawa, an san sai an ɗan barbaɗa masa tonka a gefe. Inna za ta ɗago kai daga bakin tukunya ta ce, "Kai, ina ka shiga kwana biyu?" Wannan tambayar, wallahi, ita ce rabin abin da ya zo saye.

Shi abincin kansa ba baƙo ba ne. Kebbi ƙasar shinkafa ce, don haka tuwon shinkafa shi ne sarki, a bi shi da miyar kuka ko ta guro, wato kuɓewa a bakin Kanawa, ko miyar sure mai ɗan tsami wadda ta ji daddawa. Mai hali ya ce a zuba masa man shanu. Da rana akwai shinkafa da wake da mai da yaji, akwai dafa-duka, akwai taliya. Wasu gidajen suna yin sakwara da teba saboda direbobi da baƙin Kudu. Da safe masa ce da miya ko da ƙuli. Sannan uwa-uba kifi, domin jihar da take da Argungu da Yawuri ba za a yi mata gorin kifi ba: farfesun tarwaɗa, soyayyar ƙarfasa, busasshen kifi a cikin miya. Wanda ya ci farfesun kifi da daddare a Jega lokacin sanyi, zufa tana keto masa alhali hazo ya rufe gari, shi zai ba da labari. Idan an gama a kora da fiya wata mai sanyi ko zoɓo, in kuma cikin bai cika ba, mai tsire yana bakin ƙofa da fitilarsa, bai je ko'ina ba.

Amma abin da ya shafi 'yan kallo shi ne wancan akwatin da ke maƙale a sama. Tun wajejen shekarar 2000, zamanin da Sangaya da Wasila suke tashe, masu gidajen abinci suka gane cewa bidiyo yana jawo ciniki. A lokacin ba ko wane gida ke da bidiyo ba, kuma ko akwai, ba ko wane uba ke yarda a kunna fim a gidansa ba. Sai ya zama yaron shago ya ruga wurin masu haya ya karɓo kaset, a tada janareto, kafin a ce kwabo benci ya cika. Wanda ya sayi tuwo ya sayi tikiti kenan. Wanda ba shi da ko sisi ya tsaya a taga, in Inna tana cikin yanayi mai kyau ta ƙyale shi, in ranta a ɓace yake ta sa a sauke labule. Ranar da aka samo sabon fim ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro kuwa, sai an yi hattara, don akwai wanda dariya ta sa tuwo ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya.

Daga kaset aka koma faifan sidi, daga sidi aka koma dishi. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, sai kallon ya samu lokaci tsayayye, kamar lokacin cin tuwon dare. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Gidan Badamasi, Labarina, ko wanne da ranarsa, kuma mai abincin da ta san kanta ta san daren da za ta ƙara yawan tuwo. Rigima ɗaya ce ba ta ƙarewa, ita ce ta rimot. 'Yan ƙwallo suna son a kai musu Firimiya, 'yan Indiya-Hausa suna son fassara, 'yan fim suna cewa ai yau ranarsu ce. Galibi hukuncin yana hannun mai gida, ita kuwa ba ruwanta da wanda ya ci ƙwallo a Ingila. Tana son ta ga yadda za ta kaya tsakanin uwargida da amarya.

Duk daraktan da yake son ya san gaskiyar aikinsa, ya bar karanta yabon da yaransa ke rubuta masa a Facebook, ya sa hular sanyi ya zo ya zauna a ƙarshen bencin nan. A nan babu mai jin kunyarsa. Ɗan kabu-kabu da bai taɓa ganin kamara ido da ido ba zai nuna da cokali ya ce, "Wanga ƙarya ta! Ɗazu da jar hula ya shiga ɗaki, ya hito da baƙa." Wani dattijon direba zai girgiza kai ya ce ba a yi wa suruki magana a tsaye, duk wanda ya rubuta wannan bai yi zaman gida ba. 'Yan matan da ke wanke kwanuka suna leƙe ta ƙofar baya, su ne suka fi kowa sanin jarumar da ta maimaita leshi ɗaya a finafinai uku. Ita kanta Inna, da ludayi a hannu, ba ta rasa nata hukuncin: "Wagga ɗiya ba ta iya kuka ba." Shi kenan an gama da jarumar a wannan unguwar, ko da ta ci kyauta goma a Abuja.

Gaskiya ne waya ta rage wa talabijin kwarjini. Tun da masu turi suka buɗe shaguna suna loda finafinai a memori, sannan YouTube ya zo da irin su Izzar So a 2020, sai ka shiga gidan abinci ka tarar da samari biyar a benci ɗaya, ko wanne ya jingina wayarsa da kofin ruwa, abin ji a kunne, hannu a cikin miya. Sai dai abin mamaki, da zarar ɗaya ya cire abin kunnensa ya ce, "Kun ga na jiya?" to an koma gidan jiya. Musun da ake yi a kan kaset shi ake yi a kan waya. Allon ne ya ƙanƙance, bakin 'yan kallo yana nan yadda yake.

Idan aka bar Jega aka koma baya zuwa Aliero, gidan abinci yana da kaka kamar yadda gona take da ita. Aliero garin albasa ne, duk Nijeriya an san da haka, har ƙasashen maƙwabta ana lodi daga nan. Lokacin da albasar rani ta fito, garin sai ya cika da dillalai da 'yan dako da masu ɗinkin buhu da direbobin manyan motoci, kuma duk cikinsu babu wanda ya zo da tukunyarsa. A irin wannan lokacin mai abinci ba ta zama. Tuwon da aka tuƙa don dare yana ƙarewa tun kafin isha'i, a sake ɗora wani. Ga kuma wasu baƙin na daban da mutane ba su cika tunawa da su ba: Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya na gargajiya, ana kawo majinyata daga nesa, kuma 'yan jinya sukan yi makonni a garin. Su ma a gidan abinci suke samun abin sawa a baki, a nan kuma suke ɗan mance damuwa na awa ɗaya a gaban talabijin.

Sai kuma ɗalibai. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006, cin abinci a waje ya canza kama a garin. A al'adar da aka tashi da ita, magidanci ba ya son a gan shi a gidan tuwo. In an gan shi, kafin ya iso gida labari ya riga shi: ko uwargida ta yi yaji, ko an daina cefane. Shi ya sa wasu ke zagayawa ta baya, ko su aiko yaro da kula. Mace kuwa ta zo ta zauna a benci ta ci, wannan sai dai matafiya. Maza a ƙofar gida suke ciyayya, kowa ya fito da akushinsa. Ɗalibi bai san wannan ba. Shi yunwa yake ji, lacca ta ƙare, ya shigo da jakarsa da abokansa, har da 'yan matan ajinsu, su ja kujera su zauna. Da farko an yi ta kallonsu, yanzu ido ya saba. Haka abin yake a Jega da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya. Su ne suka kawo cin indomi da ƙwai da tsakar dare, su ne suka koya wa Inna karɓar taransifa, su ne kuma suka fi kowa cika mata littafi. Za a zo kan maganar littafin.

Maiyama ta fi su natsuwa. Nan garin manoma ne, kuma rumfunan abinci na bakin titi da matafiya suka dogara, motar da ta fito daga Yawuri ko wadda za ta gangara can. Direba yana da tasa Hajiyar a nan kamar yadda yake da ita a ko wane zango, kuma fasinja ba shi da zaɓi, inda direba ya taka birki nan za a ci. A irin waɗannan rumfunan rediyo da waƙar gargajiya ba su mutu ba. Kada a manta daga wannan yankin ne marigayi Alhaji Gambu mai waƙar ɓarayi ya fito, mutumin Fagada, don haka kunnen mutanen nan ya saba da gwanin magana tun kafin a san wani abu wai shi rubutun fim. Marubucin da zai burge su sai ya tashi tsaye.

Yanzu a dawo kan littafi. Kusan ko wane gidan abinci na unguwa yana da shi, wani tsohon littafin makaranta mai bango da maiƙo, wanda yaron shago ko 'yar Inna mai zuwa boko ke rubutawa. A ciki akwai sunan ɗalibin da kuɗinsa bai iso daga gida ba, da ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, da ɗan kabu-kabun da mashin ɗinsa ke wurin bakanike. Babu banki a duk faɗin jihar da zai ba waɗannan mutane rance ba jingina, amma Inna tana ba su, da miya a kai. Kuma ba don tana da shi ba. Ita ma shinkafar bashi ta karɓo wurin ɗan kasuwa, itacen ma haka, sai ta sayar ta biya.

Shekarun nan kuwa ba su yi wa masu tukunya daɗi ba. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi. A farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin Naira, mai saye yana da kuɗi a banki amma ba shi da na hannu, a yi taransifa ta maƙale a hanya, tuwo kuwa an riga an cinye. Kafin a farfaɗo, ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi: shinkafa, man gyaɗa, tattasai, nama, har man janareton da ake kunna wa 'yan kallo. Mai abincin unguwa ba ta iya ƙara farashi yadda manyan wurare ke yi, don ta san aljihun kowa. Abin da take yi shi ne ta rage girman malmala, ta yanka nama ƙanana, ta sha ƙorafi. Wasu sun kashe janareto sun koma ƙaramar sola, wasu sun sauke tukunya gaba ɗaya.

A cikin wannan halin ne 'yan fim suke shigowa littafin, kuma a nan ne maganar take da ɗaci. Yau kusan ko wane babban gari a Arewa yana da samarin da suka haɗa kai suna shirya nasu fim mai dogon zango ko gajeren barkwanci don YouTube da TikTok. Abin a yaba ne, ba sai an je Kano ko Kaduna ba kafin a gwada basira. To amma lokeshin ciki gare shi. A ɗauka mutum 15 ne, 'yan wasa da ma'aikata, za su yi kwana biyar suna ɗauka, ana ci sau uku a rana. Kwano 225 kenan, ban da ruwa, ban da 'yan rakiya da ba a san wanda ya gayyato su ba. Furodusan da bai gama biyan kuɗin hayar kamara ba, ina zai samo wannan? Sai ya tuna da Innarsa ta unguwa. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, aiki muka samu, ki taimaka muna da abinci, da an saki fim za a sallame ki." Ita kuwa ta san shi tun yana tsayawa a taga, ta ce, "Allah shi ba da sa'a, ɗana," ta ƙara tukunya.

Abin da bai gaya mata ba, watakila shi ma bai gama sani ba, shi ne kuɗin YouTube ba ranar da aka saki fim suke zuwa ba. Ta hanyar da aka fi bi, sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗin talla da ita, sannan ba a turo komai sai abin da aka tara ya kai dala 100. Tashoshi da yawa ba sa kaiwa nan. Wasu finafinan ma a kwamfutar edita suke mutuwa, don shi ma ya riƙe aikin sai an biya shi. Ka ga edita yana da abin riƙewa. Mai kamara yana iya ɗauke kamararsa, jaruma tana iya kashe waya ta ƙi zuwa a ƙarasa. Mai abinci fa? Abin da ta bayar an cinye, ba a dawo da shi. Shi ya sa kullum ita ce ta ƙarshe a layin biya. Daga nan sai furodusa ya canza hanya, ya daina bi ta gaban rumfar, ya koma cin abinci a wancan gidan da ya ce miyarsa ruwa ce. A ƙarshen fim, in an yi sa'a ya fito, za ka ga an jero sunaye har da wanda ya ba da aron tabarma, a can ƙasa a rubuta godiya ga mai abinci. Godiya ba ta sayen buhun shinkafa.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai furodusoshin da tun kafin a kunna kamara suke ware kuɗin abinci su damƙa, kuma ma'aikata sun san su, shi ya sa in sun kira ba a ƙin zuwa. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a rana tun safe har la'asar yana maimaita fitowa ɗaya ya san cewa lokeshin da babu abinci a kan lokaci, fuskar jarumi ma sai ta nuna. Kuma dabarar ba wuya gare ta ba: in kuɗin kwano 225 bai samu ba, a rage mutane, a rage kwanaki, a sallami 'yan rakiya. Ba a ɗora wa matar da ke juya ɗan jarinta daga safe zuwa dare nauyin zama mai ɗaukar nauyin fim ba da saninta ba.

Bashi na biyu ya fi na kuɗi nauyi, kuma wannan har manyan Kano da Kaduna suna ciki. Wai yaya ake nuna mai sayar da abinci a fim? Sau da yawa in ta fito, to ko dai masifaffiya ce mai zagin almajirai da ludayi don a yi dariya, ko kuma rumfarta ce matattarar zawarawa marasa kamun kai, 'yan tuwo-tuwo masu kashe wa direbobi ido. Yarinyar kirki a fim ba ta aiki a gidan abinci sai in ƙaddara ta faɗa mata, kuma da zarar mai kuɗi ya gan ta ya tsamo ta, an nuna ta tsira kenan. Ba a ce babu ɓata-gari a sana'ar ba, ko wace sana'a tana da nata, har da ta fim, kuma 'yan fim sun fi kowa sanin zafin a yi wa mutum kuɗin goro. Su da kullum suke kukan ana kiransu 'yan iska saboda laifin mutum ɗaya ko biyu, bai kamata a ce su ne ke shafa wa wasu irin wannan baƙin fentin ba.

Domin wannan hoton yana da illa a zahiri. Da yawa daga cikin matan nan mazansu sun rasu ne ko an sake su da 'ya'ya, da wannan tukunyar suke biyan kuɗin makaranta, da ita suke yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki. 'Yar da ke taya uwarta miƙa kwano, idan manemi ya fito, a cikin danginsa ba a rasa mai cewa, "'Yar mai tuwo?" Wannan kallon ba fim ne ya ƙirƙiro shi ba, ya girmi fim, amma fim yana ƙara masa gishiri duk lokacin da ya maimaita shi. Kuma abin takaicin, a talabijin ɗinta ake nunawa, da man janaretonta, tana tsaye tana kallo.

Alhali ga labari nan zube ba wanda ya ɗauka. Matar da ke tashi tun kafin asuba ta hura wuta, ta san sirrin rabin unguwa amma ba ta faɗa, ta san ɗalibin da ya kwana biyu bai ci ba ta yadda yake kallon tukunya, ta zuba masa ta ce ya kawo in ya samu. A benci ɗaya dillalin albasa da ya yi cinikin miliyoyi yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗan dakon da ya loda masa mota, buta ɗaya suke wanke hannu. Ɗan jinya daga wata jiha yana ba direba saƙo ya kai gida. Saurayi da budurwa 'yan jami'a suna raba kwano ɗaya don kuɗin bai kai na biyu ba, ita tana tura masa naman, shi yana turo mata. Wace soyayya ce a wurin fulawar roba ta kai wannan? Kuma ba a buƙatar hayar otal ko aron mota. Wuri yana nan, haske yana nan, 'yan wasan cike-gurbi ma suna nan zaune, in dai za a biya kuɗin abin da suka ci.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare rumfar Jega takan fara yin shiru. Motocin Yawuri sun wuce, 'yan kabu-kabu sun ragu, mai tsire yana kankare tirensa. 'Yan mata suna kife kwanuka, almajirai sun karɓi ƙanzo sun tafi. Yaron shago ya hau benci ya kashe talabijin, ya lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura. Sannan Inna ta zauna a kan turmi, ta kwance bakin zane ta ƙirga na ɗan kasuwa, ta ware na mai itace, ta ware na cefanen gobe. In an gama sai ta ce a ɗauko littafi a karanto mata. Ana zuwa kan shafin masu fim, yaron ya tambaya ko a soke, tun da an kwana biyu ba a gan su ba. Ta ce a'a, a bar shi nan.